Kuɗin Ƴan Tawayen Rum da Liyarin Damagaram

A Daular Rum, buga kuɗi haƙƙin Kaisar ne. Saboda haka duk sarkin yaƙin da ya ɓalle, abin da yakan fara yi shi ne ya kama maƙerar kuɗi, ya sa a buga azurfa ko tagulla da fuskarsa da sunansa. Dalilin a fili yake: sojan da ya ɗora shi yana jiran albashi, kuma tsabar kuɗi shela ce da ke shiga kowace kasuwa ba tare da sanƙira ba. Galibin waɗannan mutane ba su daɗe ba, kuma marubutan fadar da ta ci su da yaƙi ne suka rubuta labarinsu, idan ma sun rubuta. Abin da ya rage daga bakinsu shi ne kuɗinsu, shi ya sa masu tara tsofaffin kuɗi ke nemansa ruwa a jallo.

A shekarar 260 Fostumus ya ɓalle daga Kaisar Galiyenus, ya haɗa ƙasar Gol, wato Faransa ta yau, da Birtaniya da Sifen a ƙarƙashinsa har zuwa 269. Shekaru da dama kuɗinsa ya fi na Rum ɗin kanta yawan azurfa, abin da ke nuna mulkinsa ya zauna da gindinsa. Daular da ya kafa ta kai 274 kafin Kaisar Oreliyan ya rushe ta. Afirka ma ta ga irin wannan. A shekarar 68 Kilodiyus Maser ya yi wa Niro tawaye, ya tare alkamar da ake kai wa birnin Rum, ya buga azurfarsa, aka kashe shi a shekarar. A 308 kuma Domitiyus Iskandar ya yi sarautarsa a Kartaj, kusa da Tunis ta yanzu.

Labarin da ya fi ɗaukar darasi shi ne na Domishiyanus, wanda ya yi iƙirarin sarauta a Gol wajen 271. A 1900 aka tsinci kwabo ɗaya tak mai sunansa a kusa da Nant, a Faransa. Da yake ba shi da na biyu, masana da yawa suka ce jabu ne. Sai a 2003 aka haƙo wata tukunya a Chalgrove, kusa da Oxford a Ingila, da tsabar kuɗi kusan 5,000 da tsatsa ta manne su wuri ɗaya, a cikinsu har da wani mai sunansa. Mai tsintuwar ya miƙa tukunyar yadda take, masana suka ɓamɓare da hannunsu, shakka ta kau. Da ya zare kwabon ya kai wa dillali, da Domishiyanus na nan cikin tuhuma har yau. Ashe wurin da aka sami kwabo da abin da ke kewaye da shi su ne rabin shaidarsa.

Damagaram ta san ɓallewa, amma ta bi wata hanya. Ta daɗe tana kai gaisuwa Barno. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ta gina ganuwa, ta ƙera igwa a cikin birni, ta mamaye maƙwabta, har biyayyar ta zama ta baki. Bayan Rabe ya ci Kukawa a 1893, Amadu Kuran Daga ya riƙe ƙasarsa ba tare da ubangida ba, har Faransawa suka ci Tirmini a 1899. Duk da haka sarakunan Damagaram ba su buga kuɗi da sunansu ba, saɓanin Mahadin Sudan da ya buga nasa a 1885. Kasuwa ta riga ta sami abin da ta amince da shi: wuri, wanda ke zuwa daga Tekun Indiya, da liyari, dalar azurfa ta Mariya Tareza ta Ostiriya, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinta. Bajamushe Bart, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500 a Kano a 1851, ya kuma iso Zinder a ƙarshen 1852. Kuɗin da fatake ke karɓa daga Tarabulus har Kano ya fi wa sarki amfani a kan wanda zai tsaya a bakin ganuwarsa. Ikonsa kuwa ya bayyana a cikin hatimin wasiƙa da haraji da tambari.

Wannan bai rage wa tsofaffin kuɗin ƙasar daraja ba. Har yau mai sayar da dabino a kasuwar Gidimuni, gabas da Zinder a kan hanyar Gure, da dala yake lissafi, ko da yake sefa ce a hannunsa, wadda aka ƙirƙira a 1945. Kalmar ta rayu, azurfar kuwa tana ƙarewa: wata ta narke a maƙera ta zama awarwaro, wata ta bi dillalai. Nijar ta riga ta ɗanɗana irin wannan asara a Bura, inda masu haƙar sata suka wawushe kayan tarihi suka bar ramuka.

Aikin da ke gaban malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ba mai tsada ba ne. Liyari ko tamma ko ƙwaryar wuri da aka tarar a adakar tsohuwa ko a gindin kufai, a rubuta inda aka same su, da gidan da suka fito, da abin da dattawa suka tuna game da su: sadaki ne, ko haraji, ko ribar fatauci. Kada a goge su da toka, kada a raba abin da aka samu tare. Littafin rubutu ɗaya a kowace makaranta ya isa a fara, kafin masu ba da labarin su ƙare.