Ayarin Gishirin Balma: Yadda Madugai Suke Shirya Tafiyar Tenere

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin kantun gishirin Balma a kasuwanninsa, amma ba kowa ya san irin wahalar da ake sha kafin ya iso ba. Wannan maƙala za ta dubi ayarin Abzinawa da yake kawo wannan gishiri, musamman ta fuskar shirin da ake yi kafin a ɗaura kaya. Abin da tarihin ayarin yake nunawa shi ne, madugu na gari tun yana gida yake tanadin dawowarsa.

Tafiya Mai Kewaye

Tafiyar ba ta zuwa wuri ɗaya a komo ba ce, kewaye ne da yake cin mafi yawan shekara, kuma yanayi ne yake tsara shi. Da damina raƙuma sukan yi kiwo a ƙoramu da kwazazzaban duwatsun Abzin har su yi ƙiba. Wajen watan Oktoba sai ayari ya fuskanci gabas, ya ratsa hamadar Tenere zuwa Fachi da Balma, waɗanda suke cikin Jamhuriyar Nijar a yau. Tsakanin Agadas da Balma akwai fiye da kilomita 500. Idan an komo Abzin an ɗan huta, sai a gangara kudu ta Damargu zuwa Damagaram da Kano, wasu kuma, kamar Kel Geres, su nufi Adar da Gobir da Sakkwato. A ƙasar Hausa ake cin rani: raƙuma su ci karan gonaki su bar taki, a sayar da gishiri da dabino, a sayi gero da turkuɗin Kura. Kafin ruwa ya sauka an kama hanyar gida. Geron nan shi ne kuɗin sayen gishirin baɗi, domin Barebarin Fachi da Balma suna da gishiri da dabino, amma ba su da hatsi.

Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi wannan ayari a zangonsa na kudu. Ya tashi daga Abzin a watan Disamba na 1850 tare da ayarin Annur, wani babban Kel Owi, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851.

Ciyawa, Ruwa da Guzuri

Babbar matsalar Tenere ita ce rashin abin kiwo. Raƙumi yana jure ƙishirwa na kwanaki, amma ba zai ɗauki kaya da yunwa ba. Saboda haka kafin a tashi ake yin kwanaki ana yankan ciyawa ana ɗaure ta dami-dami. A hanyar zuwa akan riƙa sauke wasu dammunan a kan rairayi, a bar su su jira ayari. A nan hikimar take: raƙumin da zai komo da kantu da dabino ba shi da wurin ɗaukar abincinsa, don haka sai an ajiye masa tun da fari. Wanda ya yi kuskuren lissafi a nan, sai a dawowa zai gane, lokacin da dabbobi suka rame, kaya kuma suka yi nauyi.

Ruwa kuwa a salka ake ɗaukarsa, ana lissafa shi daga rijiya zuwa rijiya. Wadda ta fi shahara ita ce ta gindin Itacen Tenere, wata bishiya da ta rayu ita kaɗai a tsakiyar hamada, ayari suna girmama ta, ba su sarar reshenta. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, aka kai gawarta gidan tarihi na Yamai. Tunda kowane yini yana rage ruwa, ayari ba ya yada zango da rana. Tun da sassafe ake tafiya har dare ya raba. Guzurin ma an tsara shi yadda za a sha ana tafe: garin gero da dabino da cuku, a dama da ruwa kamar fura.

Madugu Uban Tafiya

Duk wannan shiri yana wuyan madugu. Shi yake sa ranar tashi, shi yake duba raƙuman da za su iya. Da rana yana lura da inuwa da yadda tuddan rairayi suka kwanta, da dare kuma ya bi taurari irin su Kaza da 'Ya'yanta. Idan ya kauce kaɗan, ayari zai wuce rijiya bai gan ta ba. Wannan ilmi ba a rubuce yake ba, yaro yakan koye shi ne yana riƙe da akala a bayan mahaifinsa. Tsoron 'yan hari kuma shi ya sa ake tafiya a taru. A farkon ƙarni na 20 Faransawa, waɗanda suka mamaye Balma a 1906, sun ba da labarin ayarin da raƙumansa suka kai 20,000.

Kammalawa

Abubuwa da dama sun raunana ayarin: yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar da Faransawa suka yi, da farin shekarun 1970 da na 1984 da ya kashe raƙuma, da tawayen da ya ɓarke a arewacin Nijar a shekarun 1990 da kuma 2007, sannan ga manyan motoci. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba, sai dai ta ragu ƙwarai. Abin tsoron shi ne, ilmin da yake cikin kan madugai yana bin su kabari. Ɗalibanmu da suke nazarin adabin baka da tarihin fatauci suna da aiki a gabansu: su nemi dattawan zangunan Kano da Damagaram da Agadas, su ɗauki bayanansu tun suna raye.