ECE1: Ƙwayar gadon da ke kunna sinadarin matse hanyoyin jini

ECE1 sunan wata ƙwayar gado ce a jikin ɗan Adam, wadda ke ɗauke da umarnin ƙera wani enzayim mai aiki a bangon hanyoyin jini. Aikin enzayim ɗin shi ne yanke sinadarin da ake kira endotilin daga siffarsa ta farko marar ƙarfi, ya mayar da shi mai iya matse hanyoyin jini. Saboda haka ne ake ambaton ECE1 a binciken hawan jini, da ciwon zuciya, da wata cutar hanji da ake haifar jarirai da ita.

Mazauninta da yadda take aiki

Ƙwayar tana kan guntun hannun kuromosom na 1, a wurin da masana suka yi wa lamba 1p36. Kowane mutum yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Enzayim ɗin da take samarwa yana manne ne a jikin tantanin ƙwayoyin halitta, kuma ba ya iya yanka sai da ƙwayar ƙarfen tutiya a tsakiyarsa. Yana da siffofi huɗu, waɗanda bambancinsu ke tantance inda kowannensu zai zauna, a saman ƙwayar halitta ko a cikinta.

Jiki yana fara ƙera endotilin ne a matsayin dogon zare mai tubalan amino asid 212. Wasu enzayim su datse shi zuwa 38, wanda ake kira babban endotilin, amma duk da sunan nasa ƙarfinsa kaɗan ne. Daga nan sai enzayim na ECE1 ya yi yankan ƙarshe tsakanin tubali na 21 da na 22. Tubalan 21 da suka rage su ne endotilin mai aiki, wanda ke cikin sinadarai mafiya ƙarfi da aka sani wajen tsuke hanyoyin jini.

Endotilin iri uku ne, kuma suna isar da saƙonsu ta ƙofofi biyu da ake kira A da B. Ƙofar A tana kan naman da ya kewaye hanyar jini, ita ce ke sa ya matse. Ƙofar B da ke shimfiɗar ciki tana sa hanyar ta saki, tana kuma kwashe endotilin daga cikin jini. Daidaito tsakanin waɗannan biyu na daga cikin abubuwan da ke riƙe awon jini a inda ya dace.

Tarihin ganowa

A shekarar 1988 ne Masashi Yanagisawa, ɗalibi a ɗakin binciken Farfesa Tomoh Masaki na Jami'ar Tsukuba ta ƙasar Japan, ya wallafa gano endotilin tare da abokan aikinsa a mujallar Nature. Tun a lokacin suka yi hasashen cewa akwai wani enzayim na musamman da ke yin yankan ƙarshe. A 1994 aka tantance shi tare da ƙwayar gadonsa. A 1998 kuma aka nuna cewa ɓerayen gwaji da aka cire wa ECE1 ba sa rayuwa: suna zuwa da nakasa a muƙamuƙi da zuciya da manyan hanyoyin jini, ba su kuma da jijiyoyin da ke motsa ƙarshen hanji. Wannan ya tabbatar da cewa ƙwayar tana da hannu wajen ginin ɗan tayi tun a mahaifa.

Alaƙarta da cutar hanjin jarirai

Cutar Hirschsprung ta samo sunanta daga likitan ƙasar Denmak, Harald Hirschsprung, wanda ya bayyana ta a 1886. Tana shafar kimanin jariri ɗaya cikin 5,000, kuma ta fi yawa a maza. A cikinta, ƙarshen babban hanji ba ya da jijiyoyin da ke tura bayan gida, sai ya taru a sama, ciki ya kumbura. Galibin sauye-sauyen gado da aka gano a masu cutar suna kan wata ƙwayar ce mai suna RET. Amma a 1999 an ba da rahoton wani yaro mai sauyi a kwafi ɗaya na ECE1, wanda ya haɗa wannan cuta da nakasar zuciya da ta fuska.

Likitocin tiyatar yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika sun daɗe suna kula da masu wannan cuta daga birnin Zariya da kewaye. Babban abin da ke jawo asarar rai shi ne jinkirin kai yaro asibiti. Alamomin da ya kamata iyaye su lura da su su ne: jariri ya yi kwana biyu bai fitar da baƙin kashinsa na farko ba, ciki ya kumbura, ko ya riƙa amai mai launin kore. Ana tabbatar da cutar ta hanyar auna ɗan yankin naman dubura, maganinta kuwa tiyata ce. Ɗura wa irin wannan jariri jiƙo ko yi masa tsaga a ciki ɓata lokaci ne mai haɗari.

Zuciya, jego da sikila

Zariya tana da suna a tarihin likitancin zuciya. A shekarun 1970, likitoci Neil Davidson da Eldryd Parry na Jami'ar Ahmadu Bello sun bayyana yawan kasawar zuciya a tsakanin mata masu jego, wanda aka ƙiyasta ya kai mace ɗaya cikin haihuwa 100. Sun danganta shi da kunun kanwa mai yawan gishiri, da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi har kwana 40. Sun yi aikin nan kafin a san endotilin. Binciken da ya biyo baya a wasu ƙasashe ya nuna cewa sinadarin yana ƙaruwa a jinin masu kasawar zuciya, da masu hawan jinin juna biyu, da masu sikila, musamman lokacin da ciwon ya tashi. A masu sikila ana danganta shi da hawan jinin huhu, wanda ke sa numfashi ya yi wuya.

Magunguna

Magungunan da ake amfani da su a yau suna toshe ƙofofin endotilin ne, enzayim ɗin yana ci gaba da aikinsa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da bosentan a 2001 don hawan jinin huhu, sai ambrisentan a 2007 da macitentan a 2013. A 2024 ta amince da aprocitentan don hawan jinin da ya gagari sauran magunguna. Dukkansu suna iya nakasa ɗan tayi, kamar yadda binciken ɓeraye ya nuna tun farko, don haka ba a ba mai juna biyu, kuma ba a shan su sai da kulawar likita.

Abin da ya shafi jama'a

Hawan jini ba gadon ƙwaya ɗaya ba ne. Ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa da gishiri, da ƙiba, da taba, da shekaru. Gwajin ECE1 ba ya cikin awon da ake yi wa mai hawan jini. Abin da ke hannun ɗan kasuwa da ma'aikaci shi ne awon jini a kai a kai, a wurare irin su Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko cibiyar lafiya mafi kusa. Awon da ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku dabam-dabam yana bukatar ganin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi ke ci ya kai giram 5 a rana, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano na miya.