Yadi 440: Yadda Aka Yanka Ƙasar Kano

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya zo da akawuna da ma'aikatan reluwe daga Kudu. Turawa ba su yarda waɗannan baƙi su sauka cikin ganuwa ba, inda hukunci yake hannun Sarki Abbas da alƙalansa. Saboda haka a 1913 aka yanka musu Sabon Gari a waje.

Rabon ya ƙara fitowa fili da dokar garuruwa ta Gwamna Lugga a 1917. Tsarin ya nemi a bar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don kada sauro ya kai musu zazzaɓi. Hujjar tana da rauni, domin kuku da boyi a bayan gidan Baturen suke kwana. Abin da tazarar ta tabbatar shi ne Bature ɗaya a Nasarawa ko Bompai ya samu fili da itatuwa da iska, alhali a Sabon Gari iyalai suna cunkushe ɗaki-ɗaki a fuloti guda.

Da Turawa suka tafi a 1960, manyan ma'aikatan gwamnati suka gaje gidajensu, iyakokin kuwa ba a taɓa su ba. A 1978 dokar amfani da ƙasa ta damƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, ya zama sai da sa hannunsa ake samun takardar mallaka.