Abin da Bango Ya Faɗa da Abin da Ya Ɓoye: Tarihin Fastar Talla a Turai, 1866 zuwa 1933

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin fasta, watau babbar takardar nan mai zane da launi wadda akan manna a bango don tallar haja ko kiran jama'a zuwa ga wani al'amari. Za a dubi asalinta a Turai, da yadda ta bunƙasa daga 1866, shekarar da aka buɗe maɗaba'ar da ta ba ta siffarta a birnin Faris, zuwa 1933, shekarar da gwamnatin Ingila ta rufe hukumar da ta kafa don tallar amfanin ƙasashen da take mulka.

Mai talla da baki, ko sanƙira ne ko dillali, yana da lokaci. Yakan tsai da mutum, ya yabi hajarsa, a tambaye shi ya amsa. Fasta ba ta da wannan gata, domin mai wucewa kallo ɗaya zai yi mata ya yi gaba. Saboda haka gwanintar masu zana ta duk ta tattaru a kan abu guda, watau sanin abin da za a cire daga hoto har saƙo ya shiga ido cikin ƙiftawa. Wannan dabara ta cirewa ita ce ƙarfin fasta, ita ce kuma ya kamata mai nazarin tarihi ya sa wa ido. Dalili kuwa shi ne, bayan an gama koyon ta a kan man fitila da ashana, an juya ta kan yaƙi da mulkin mallaka, inda abin da aka cire daga hoton ya zama jinin mutane da guminsu.

Dutse da Mai da Ruwa

Kafin ƙarshen ƙarni na 18, sanarwar da ake mannawa a bangayen biranen Turai yawanci rubutu ne zalla. In an sa hoto, to, ƙarami ne da aka sassaƙa a katako. Canji ya faro ne daga birnin Munich na ƙasar Jamus a 1796. Wani marubucin wasan kwaikwayo mai suna Alois Senefelder, wanda rashin kuɗi ya hana shi buga wasanninsa, yana cikin neman hanyar ɗab'i mai araha sai ya gano wata dabara da ta dogara a kan abin da kowace mai girki ta sani, watau mai da ruwa ba sa haɗuwa.

Akan sami wani irin dutse mai shan ruwa, wanda ake haƙowa a Solnhofen, a goge fuskarsa ta yi sumul, a yi zane a kai da alli mai maiƙo, sa'an nan a jiƙa shi. Ruwa yakan kama ko'ina ban da inda maiƙon yake. Idan aka shafa tawada mai maiƙo, sai ta manne wa zanen kaɗai, ta ƙi wuraren da ke jiƙe. Daga nan a ɗora takarda a danne, hoto ya fito. Amfanin wannan ɗab'in dutse shi ne, mai zane yana aiki da hannunsa kai tsaye, ba sai ya miƙa wa masassaƙi ba. Cikas ɗinsa kuwa, kowane launi sai da dutsensa, har hoto ɗaya yakan ci duwatsu goma ko fiye. Wannan tsada ce da mai talla ba zai iya ɗauka ba.

Bangayen Faris

Wanda ya warware matsalar shi ne Jules Chéret, wanda aka haifa a Faris a 1836. Ya yi shekara bakwai yana aikin ɗab'i a Landan, ya komo gida a 1866 ya buɗe maɗaba'arsa da jarin da wani attajirin turare, Eugène Rimmel, ya ba shi. Chéret ya rage duwatsun zuwa uku ko huɗu. Yakan buga ja da rawaya da shuɗi, wani bisa wani, inda suka hau juna kuma su haifi kore da ruwan lemo da sauransu. Da haka launi ya yi araha har ya isa bango. Ya zana fastoci fiye da 1,000, kuma a 1890 gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girma ta Légion d'honneur.

Zamanin ma ya taimake shi. Daga 1853 zuwa 1870 Baron Haussmann ya rushe tsofaffin unguwannin Faris ya shimfiɗa manyan tituna, aka sami dogayen bangaye da shingayen wuraren gini, da ɗimbin jama'a masu wucewa ta gabansu. A 1868 aka ba maɗaba'ar Morris izinin kafa ginshiƙan manna talla a bakin titi, kamar yadda Ernst Litfass ya yi a Barlin tun 1855. Sa'an nan dokar 'yancin ɗab'i ta 29 ga Yuli 1881 ta halatta manna takarda a duk inda ba a hana ba. Dokar ta keɓe farar takarda ga sanarwar hukuma kaɗai, abin da ya ƙara tura 'yan kasuwa zuwa ga launi.

A aikin Chéret aka fara ganin cirewa. Kusan kowace fastarsa tana ɗauke da wata budurwa mai fara'a, tana juyi kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ita ce a tallar gidan wasa na Folies Bergère, ita ce a tallar man fitila na Saxoléine. Ba a bayyana ingancin man ba, ba a faɗi yadda aka tace shi ba. An haɗa sunansa da farin ciki, an bar ido ya ƙarasa sauran aikin.

A 1891 Henri de Toulouse-Lautrec ya zana wa gidan rawa na Moulin Rouge fastar da ta fito da sunansa, aka buga kwafi wajen 3,000. Ya koyi darasi daga zanen katako na Japan, inda ake shimfiɗa launi bai ɗaya ba tare da inuwa ba. 'Yar rawar da ake kira La Goulue tana tsakiya cikin haske, 'yan kallo kuwa ya mai da su baƙin layi guda, huluna kawai ake ganewa. A ranar 1 ga Janairu 1895 kuma aka wayi gari da fastar da Alphonse Mucha, mutumin ƙasar Cek, ya zana wa shahararriyar 'yar wasa Sarah Bernhardt don wasan Gismonda, doguwa siririya mai tsawon kusan mita biyu. Ta ƙayatar da Bernhardt har ta ɗauke shi aiki na shekara shida. A wannan lokaci mutane suka shiga tara fastoci, wasu har suna bin dare suna ɓamɓaro su daga bango.

Ashana Biyu

Da ƙarni na 20 ya kama, motoci da jiragen cikin gari suka ƙara wa titi sauri, lokacin kallo ya ƙara raguwa. Leonetto Cappiello, ɗan Italiya mazaunin Faris, ya zana wa cakulan Klaus fasta a 1903: mace cikin koriyar riga bisa jan doki, bayansu baƙi ƙirin. Babu abin da ya haɗa doki da cakulan, amma duk wanda ya gani ba ya mantawa, kuma abin da ake nema ke nan.

Ƙarshen wannan tafarki ya zo a Barlin wajen 1906, a gasar da kamfanin ashana na Priester ya shirya. Kamar yadda labarin ya zo, wani saurayi mai suna Lucian Bernhard ya fara zana tebur da shimfiɗarsa, da mazubin toka, da taba tana hayaƙi, da 'yan rawa cikin hayaƙin, da ashana a gefe. Sai ya ga tabar ta janye ido daga hajar, ya shafe ta. Da babu taba, hayaƙi da 'yan rawa ba su da dalili, mazubin toka da tebur ma haka. Abin da ya saura shi ne tsinken ashana biyu ja masu rawayan kai, da sunan kamfanin a sama. Wannan zane ya ci gasar, ya kuma kafa salon da Jamusawa suka bi, na nuna haja da sunanta kawai.

Yatsa Mai Nuni

Cirewa ba ta cutar da kowa a tallar ashana. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, sai gwamnatoci suka karɓi dabarar. A ranar 5 ga Satumba 1914 mujallar London Opinion ta fito da zanen Alfred Leete a bangonta: fuskar Lord Kitchener, ministan yaƙi, wanda ya ci Omdurman ta Sudan a 1898, da gashin bakinsa, da yatsarsa tana nuna mai kallo. Babu jiki, babu fili, babu abokin gaba. An mai da zanen fasta, aka kuma kwaikwaye shi a ƙasashe da dama. A Amurka James Montgomery Flagg ya yi nasa a 1917 da siffar Uncle Sam, aka buga fiye da miliyan 4. A Rasha Dmitry Moor ya yi wa Jar Runduna irinsa a 1920.

Wannan tsarin Bernhard ne sak, abu ɗaya da 'yan kalmomi, sai dai hajar da ake nema a nan ran saurayi ce. Abin da aka shafe daga hoton ya bayyana a bakin kogin Somme ranar 1 ga Yuli 1916, inda sojojin Ingila fiye da 19,000 suka mutu a yini ɗaya.

Fasta da Mulkin Mallaka

A nan ne tarihin ya shafi Afirka kai tsaye. Tun cikin shekarun 1880 kamfanin sabulu na Pears ya yi wata talla inda wani yaro Bature yake wanke baƙin yaro a kwami, jikinsa ya koma fari fat, kansa kaɗai ya rage baƙi. An mai da launin fata dauɗa, an mai da sabulu wayewa. Abin da irin wannan talla ba ta faɗa ba shi ne, masana'antar sabulun Ingila ta dogara ƙwarai a kan manjan Afirka. William Lever, mai sabulun Sunlight, ya sami filayen kwakwar manja a Kwango daga hannun Beljiyam a 1911, inda aka yi aikin tilas, kuma a 1920 kamfaninsa ya sayi Niger Company mai ciniki a Nijeriya.

A Faransa, garin koko da ayaba mai suna Banania ya ɗauki sabuwar alama a 1915: sojan Afirka ta Yamma da jar dara, yana zaune riƙe da cokali, yana washe baki, an sa masa magana da gurɓataccen Faransanci. Waɗannan sojoji, ko da yake ana kiran su 'yan Senegal, daga dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka aka kwaso su, yawancinsu kuwa da tilas. A cikin wannan shekara ta 1915 mutanen yankin kogunan Volta da Bani, a Burkina Faso da Mali na yau, suka ɗauki makamai saboda wannan kwasa, aka murƙushe su da ƙone garuruwa. Léopold Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal na farko, ya yi tir da wannan murmushi a cikin waƙoƙinsa da aka buga a 1948. Sai a 2011 wata kotu a Versailles ta hana sayar da kayan da ke ɗauke da wancan take.

Ingila kuwa ta kafa hukuma mai suna Empire Marketing Board a 1926, don jawo mutanenta su sayi amfanin daular. Frank Pick, na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, shi ya shugabanci kwamitin fastocinta, aka fitar da zane wajen 800 aka kafa su a allunan katako na musamman. Daga cikinsu akwai na Gerald Spencer Pryse, masu nuna mutanen Gwalkwas, watau Ghana ta yau, suna tsinkar koko cikin natsuwa. Zanen yana da kyau, ba a musu. Amma ba ya nuna wanda ke yanka farashi. Da kasuwannin duniya suka karye a 1929 kuɗin koko ya faɗi warwas, har manoman Gwalkwas suka haɗa kai suka ƙi sayarwa a kakar 1930 zuwa 1931. An rufe hukumar a 1933.

Kammalawa

Daga baya hoton kyamara da rediyo da talabijin sun karɓe yawancin aikin fastar da ake zanawa da hannu. Waɗanda aka buga don su yi 'yan makonni a bango ruwa ya wanke su, yau suna gidajen adana kayan tarihi, ana kuma gwanjonsu da kuɗi masu yawa. Sun cancanci yabo, domin su suka fito da zane daga ɗakunan attajirai suka kai shi titi, inda talaka zai gani kyauta.

Sai dai Hausawa sun ce zuma da zaƙi da harbi. Duk wanda ya tsaya gaban tsohuwar fasta da niyyar nazari, akwai tambayoyi uku da suka wajaba a kansa: wa ya biya aka zana ta, wa ake so ya kalle ta, me kuma aka shafe kafin a kai ta maɗaba'a. Amsar ta farko tana rubuce a jikin takardar, ta biyu ana gane ta daga harshe da wurin da aka manna. Ta uku ba ta cikin hoton. Sai an neme ta a littattafan cinikin kamfanoni, da rahotannin jami'an mulkin mallaka, da jerin sunayen sojojin da ba su komo gida ba.