Damben neman madara: iyali da talauci a fim ɗin Cinderella Man

Ranar 13 ga Yunin 1935, a Long Island City da ke birnin New York, James J. Braddock ya yi turmi goma sha biyar da Max Baer, alƙalai suka ɗaga hannunsa, ya zama zakaran duniya a ajin masu nauyi. Shekara guda kafin nan, dako yake yi a tashar jiragen ruwa. Wannan labari ne Ron Howard ya mayar fim a 2005, inda Russell Crowe ya fito a matsayin Braddock, Renée Zellweger kuma a matsayin matarsa Mae.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin ɗakin da iyalin suke kwana, domin a can ne abokin karawar Braddock na ainihi yake, wato talauci. Durƙushewar tattalin arzikin Amurka a 1929 ta lashe ɗan abin da ya tara, hannunsa na dama ya karye, aka daina kiransa wasa. Sai fim ɗin ya tsaya kan ƙananan abubuwa: madarar da Mae take tsinkawa da ruwa don ta ishi yara uku, da naman da babban ɗansu ya sata, uban ya tasa shi gaba suka mayar wa mahauci. A bakin shagon ne yaron ya faɗi abin da ke cin ransa, tsoron kada a raba shi da gida a kai shi riƙo. Uban ya yi masa alkawarin hakan ba za ta faru ba.

Alkawarin nan shi ne ƙashin bayan labarin. Da aka yanke musu wuta a tsakiyar hunturu, Mae ta kai yaran wajen 'yan'uwa, sai Braddock ya zubar da girmansa. Ya bi layin karɓar tallafin gwamnati, sannan ya tafi wajen manyan harkar dambe, waɗanda suka san shi lokacin da tauraronsa ke haskawa, ya miƙa musu hula. Duk cikin fim ɗin babu naushin da ya kai wannan zafi. Tarihi ma ya tabbatar da cewa da hali ya samu, ya mayar wa gwamnati kuɗin tallafin.

Har dakon ya yi masa rana, don ɗaukar kaya da hagu ya ƙarfafa hannun da a da bai cika mora ba. Da ya koma dambe, ya kayar da Corn Griffin a turmi na uku a Yunin 1934, ya bi da John Henry Lewis da Art Lasky.

Inda fim ɗin ya yi tuntuɓe shi ne wajen Max Baer. Don a ɗaukaka uba nagari, an mayar da Baer azzalumi mai alfahari da kisa. Gaskiya ne Frankie Campbell ya mutu bayan karawarsu a San Francisco a 1930, amma abin ya daɗe yana damun Baer, har ya taimaki iyalin mamacin da kuɗi. Ɗansa, Max Baer Jr., ya fito ya yi ƙorafi kan yadda aka nuna mahaifinsa, kuma yana da gaskiya: fim ɗin da ke girmama iyali ya ɓata wa wani iyalin suna.

Sannan fim ɗin ya tsallake abin da ya fi nuna lissafin Braddock na magidanci. Kafin ya kara da Joe Louis a Chicago a Yunin 1937, an ƙulla yarjejeniya da mai shirya wasa Mike Jacobs cewa Braddock zai riƙa samun kashi goma cikin ɗari na ribar Jacobs daga wasannin kambun har shekara goma. Louis ya kayar da shi a turmi na takwas, kuɗin kuma suka ci gaba da shiga gidan Mae da yaranta.