Tarihin "Lila": Halitta a Matsayin Wasa Wajen Mabiya Addinin Hindu

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu mun sha kallon siliman Indiya, mun ga saurayi mai busa sarewa, 'yan mata makiyaya suna rawa kewaye da shi. Sunansa Kirishna, kuma rawar nan tana da dogon tarihi. Shi nake so in ɗan gutsura muku.

Asalin maganar tambaya ce. Manomin Maska yakan noma dawa don ya ci, ya noma auduga don ya kai Funtuwa ya sami kuɗi. Kowane mai aiki da bukatarsa. To, wanda ba ya bukatar kome fa, me zai sa ya yi halitta? Littafin Barahma Sutra, wanda ake danganta wa Badarayana, ya amsa da kalmar Sanskirit, watau "lila", ma'anarta wasa. A wajen ƙarni na 8 babban malaminsu Shankara ya yi sharhi a kai. Ya ba da misalin sarki wanda ya wadata da kome, amma yakan fita wasa don nishaɗi kurum, da kuma misalin numfashi, wanda ke shiga yana fita ba da wani nufi ba.

Daga zauren malamai sai magana ta fito dandali. Littafin Bagawata Purana, na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10, ya ba da labarin ƙuruciyar Kirishna, da satar man shanu da rawa da makiyaya, duk a matsayin lila. A 1574 mawaƙi Tulsidas ya fara rubuta labarin Rama da harshen talakawa, wanda ya zama ginshiƙin wasan kwaikwayon Ramlila. Na garin Ramnagar, kusa da Banaras, wata guda ake yi ana yinsa. A 1919 Dadasaheb Phalke ya fitar da fim a kan ƙuruciyar Kirishna, mai suna Kaliya Mardan. A shekarun 1950 kuma Kwarori 'yan kasuwa suka fara shigo da finafinan Indiya ƙasar Hausa.

A nan nake so mu lura. Mu ma mun yarda Mahalicci Mawadaci ne, ba ya bukatar kowa. Amma aya ta 16 ta Suratul Anbiya'i ta kore wasa daga halittar sama da ƙasa, alhali aya ta 20 ta Suratul Hadid rayuwar duniya ta siffanta da wasa da shagala. Watau su wasan ga mahalicci suka jingina shi, mu kuwa ga ɗan'adam mai gafala, wanda hisabi ke jiransa. A ganina ɗalibin da ya san wannan bambanci zai kalli fim da idon basira, ya kuma iya zama da Bahinde su yi muhawara cikin mutunci. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.