Daga Fijo 504 zuwa mota mai fetur da batir: wace ta dace da ƙasar Gumel?

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, masu sayen mota suka fara leƙen wadda ke haɗa injin fetur da batir. Amma fa dabarar ba sabuwa ba ce. Tun wajajen 1900 injiniya Ferdinand Porsche ya ƙera irinta a Ostiriya, sai nauyi da tsada suka hana ta kasuwa. Sai a 1997, da Toyota ta fitar da Prius a Japan, ta shiga hannun jama'a.

Sirrinta yana wajen birki. In motar na gangara daga tsauni ko tana rage gudu, injin lantarkinta sai ya koma janareta, ya mayar da ƙarfin tafiyar cikin batir maimakon ya salwanta a matsayin zafi. Shi ya sa take cin riba a hawa da gangara irin na Jos ko Mambila, da cunkoso irin na Kano.

To ƙasar Gumel fa? Daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar har Maigatari, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai yashi. A miƙaƙƙen titi ba a yawan taka birki, don haka rarar man da ake samu kan ragu.

Tarihin sufurin yankin ma akwai darasi. Raƙumi da jaki sun daɗe suna kai kaya saboda yashi bai kayar da su. Bayan buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975, Fijo 504 ta karɓu a Arewa saboda ƙasanta na da tudu, kayan gyaranta na nan birjik, kuma kusan kowane bakanike ya san cikinta.

Da wannan ma'aunin ya kamata a auna sabuwar motar. Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40, yana saurin tsufar da batir. Ƙurar hunturu kuma na iya toshe fankar da ke sanyaya shi. In ya mutu, canza shi ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Mai yawan zirga-zirga cikin Kano zai iya ganin amfaninta a aljihunsa. Wanda kuwa ke ratso yashin ƙauye zuwa kasuwar Maigatari kowace Alhamis, ya fara duba tsayin ƙasan motar, sannan ya tambaya: in ta tsaya masa a hanya, wa zai gyara?